Tiyatar ƙashin kunne: abin da na tarar a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa. Kin ce in bincika miki maganar kunnenki tunda larurarmu ɗaya, to ga abin da na gani a nan.

Wannan ciwo na otosiklerosis yakan bi jini, kuma ya fi kama mata. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar likkafa, duk jikin mutum babu ƙashin da ya kai shi ƙanƙanta. Idan wani ƙashi ya tsiro ya danne gindinsa sai ya daina motsi, sauti ya kasa wucewa ciki.

Abin da likitoci suka fara miƙo min na'urar ƙara ji ce, wadda NHS, hukumar kiwon lafiya ta gwamnati a nan, ke bayarwa kyauta. Tana aiki kuwa, ba ta da haɗari, kuma ba a matsa wa kowa sai an yi masa tiyata. Wanda ya zaɓi tiyata zai bi layi, layin kuma ba gajere ba ne.

Tiyatar iri biyu ce. Tsohuwar ita ce wadda John Shea ya fara a Amurka a 1956: a cire ƙashin har gindinsa, a maye gurbinsa da na roba. Yanzu galibi ba sa cire gindin. Ɗan rami suke hudawa wanda bai kai milimita ɗaya ba, su zura siririn fistan, wato ɗan sanda na robar Teflon ko ƙarfen titaniyam. Dukansu suna dawo da ji, amma hudawar ta fi sauƙin jiri bayan aiki, ta kuma fi kiyaye siraran sautuka, waɗanda da su ake rarrabe kalmomi.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kayan aiki. Wannan likita ya ce da hasken leza yake hudawa, wancan ya ce da ɗan injin huda. Wannan da madubin tiyata, wancan da siririyar kyamara ta ramin kunne. Masu kyamarar suna cewa ba sa yawan taɓa jijiyar ɗanɗano da ta ratsa wurin, wadda in an ja ta sai ki yi makonni bakinki na ɗanɗanon ƙarfe. Amma ta fuskar ji, tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. A hannun ƙwararre, wajen tara cikin goma suna samun ji mai kyau, wajen ɗaya cikin ɗari kuma kunnen kan mutu gaba ɗaya. Shi ya sa ni ban damu da sunan na'ura ba; likitan na tambaya sau nawa yake wannan aikin a shekara, kuma ina ganin ke ma ita ce tambayar da za ki yi.

Nawa ba a sa ni barci ba, wurin kawai aka kashe da allura. Da ya ɗora fistan ya mayar da dodon kunnen, sai ya yi min raɗa, na amsa masa nan take. Bayan nan kunnen ya sake toshewa saboda audugar da aka cusa, sai da aka ɗau makonni kafin ya washe. An hana ni fyace majina da ƙarfi, da ɗaukar kaya mai nauyi, da hawa jirgi na wani lokaci.

Kunne ɗaya suke yi, wanda ya fi lalacewa, ɗayan sai daga baya. Ki fara yin gwajin ji tukuna, Yaya, domin in ciwon ya riga ya taɓa kunnen ciki, tiyata ba za ta gyara wannan ɓangaren ba. Ki turo min hoton takardar sakamakon. A gaida yara.