Opera da Turanci ko da Italiyanci?

Masu sha'awar opera, wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa, suna yawan tambayata wanne za su fara saurara: na Turanci ko na Italiyanci? Gardamar ta daɗe a Landan.

A ƙarni na 19, Italiyanci ne harshen operar masu hannu da shuni. Gidan opera na Covent Garden da ke Landan ya koma Royal Italian Opera a 1847, har wasan Lohengrin na Wagner, Bajamushe, da Italiyanci aka rera shi a can a 1875. Kujera da tsada, kuma da yawa ba sa jin abin da ake faɗa. Murya suka zo saurara.

Kamfanin Carl Rosa, wanda aka kafa a 1873, ya rungumi Turanci, ya rage kuɗin shiga, ya zaga garuruwa irin su Manchester da Liverpool. Masu sharhi a jaridu sun yaba, amma sun sha kuka da fassarar: kalmomin kan ƙi hawa karin waƙar, wani lokaci har su ba da dariya. Kukan nasu da gaskiya a ciki.

Mai son bin labari cikin sauƙi, Turanci ya dace da shi. Wanda zaƙin murya ya fi damu, ya nemi Verdi ko Rossini, mawallafan opera 'yan Italiya, da Italiyancinsu.