Gargaɗi Ga Masu Biyan Kuɗin Hutun Jirgin Ruwa: A Binciki Tikitin Dawowa

Wannan gargaɗi ne ga jama'ar Damagaram, musamman ƴan kasuwa da manyan ma'aikata, game da wani mutum da yake kiran kansa wakilin kamfanin tafiye-tafiye, yana tallar hutun jirgin ruwa a Bahar Rum ta WhatsApp da Facebook. Ba shi da ofishi tsayayye. Yakan sadu da mutane a shagunansu na Kasuwar Dole ko a gidajensu, da manyan kaya da baki mai daɗi. Abin da yake sayarwa dunƙule ne a farashi guda: jirgin sama daga Yamai zuwa Barselona, mako ɗaya a cikin jirgin ruwa mai tsayawa a tashoshin Faransa da Italiya, sannan jirgin dawowa gida.

Abin da ya sa yaudarar take tasiri shi ne yawancin alkawarin yana cika. Tikitin zuwa na gaske ne, ɗakin cikin jirgin ruwan ma an biya shi, matafiyi kuma yana ta turo hotuna daga tsakiyar teku, waɗanda su kansu suka zama talla ga mayaudarin a wajen dangi da maƙwabta. Kuɗin dawowa ne kawai yake cinyewa, kuma ya san ba za a gane ba sai mutum ya yi nisan da ba zai iya cin kwalarsa ba.

Ga yadda yake yi. A tsarin kamfanonin jiragen sama, ajiye wuri daban, yanke tikiti daban. Wakili yana iya ajiye wa mutum kujera ba tare da ya biya ko dala ba, na'ura ta fitar da takarda ɗauke da sunan matafiyi, da lambar jirgi, da ranar tashi, da wata alama mai haruffa da lambobi 6. Wanda ya shiga intanet a ranar zai ga sunansa, hankalinsa ya kwanta. Amma irin wannan ajiya tana da wa'adi, idan ya wuce ba a biya ba sai ta soke kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko kuma na kamfanin jirgin ne: 235 na Turkish Airlines, 147 na Royal Air Maroc, 071 na Ethiopian Airlines. Mutumin nan yana yanke na zuwa da cikakkiyar lambarsa, ya haɗa shi da takardar ajiya ta dawowa a cikin ambulan ɗaya, kuma ba kowa ne zai tsaya ya kwatanta takardun biyu ba.

Wani dattijo daga unguwar Birni ya faɗa wannan rami tare da uwargidansa. Jirgin ruwa ya sauke su da safe, kamar yadda aka saba, kuma daga lokacin da fasinja ya taka ƙasa da jakarsa, masu jirgin ruwa sun sauke nauyinsa. Suka ɗauki taksi zuwa filin jirgin sama, suka bi layi da akwatuna cike da tsarabar jikoki. Ma'aikaciyar ta karɓi fasfo, ta daɗe tana duban na'ura, ta kira wani abokin aikinta, daga ƙarshe ta turo musu takardun ta ce babu sunansu a jirgin. Dattijon ya koma gefe ya kira dillalin, wanda ya ɗauka ya ce masa, “Alhaji, kwantar da hankalinka, matsalar na'ura ce, yanzu zan gyara.” Bayan la'asar wayar ta daina shiga.

Tikitin hanya ɗaya da aka saya a ranar tafiya yana daga cikin mafi tsada da ake sayarwa, kuma da yuro ake biya. Yuro 1 sefa 655 ne da ɗoriya, wato duk yuro 1,000 da aka kashe ya haura sefa 655,000, ban da otel da abinci na kwanakin jira. Katin bankin da mutum ya tafi da shi yana iya samun iyakar abin da za a cira a rana, sai a koma ga kiran ƴaƴa da abokan ciniki a gida, suna zagayen wuraren aika kuɗi. Ga kuma biza: wadda ake bayarwa domin irin wannan hutu sau da yawa kwanakinta a ƙidaye suke daidai da tafiyar, wanda ya zarce kuwa yana iya fuskantar tara, ko a hana shi biza nan gaba. Akwai dokar Tarayyar Turai ta 2004 da take ba fasinja diyya har yuro 600 idan an soke jirginsa ko an hana shi shiga, amma tana kare mai tabbataccen tikiti ne kaɗai, don haka wanda ajiyarsa ta mutu ba shi da abin nema a wajen kamfanin jirgi.

Ko ba a yi wa mutum zamba ba, hanyar gida doguwa ce. Sai an ratsa ta wani gari kamar Istambul ko Kasablanka, a yi zaman jira na sa'o'i, a sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, sannan a fuskanci kusan kilomita 900 na mota ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi. Dattijon nan ya yi wannan tafiya da ƙafafu a kumbure da bashi a wuyansa, kuma da ya iso sai ya yi shiru, saboda kunyar a ce babban mutum kamarsa yaro ya yi masa wayo. A ganina wannan shirun shi ne babban jarin mayaudarin, domin hotunan hutun sun zaga gari, labarin dawowar kuwa ya tsaya a cikin gida.

Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi ya nemi lambar nan mai alƙaluma 13 ta zuwa da ta dawowa, ta kowane matafiyi, kafin ya cika kuɗi. Idan an ba shi, kada ya tsaya ga takardar da dillali ya buga. Ya tuntuɓi kamfanin jirgin da kansa a tabbatar masa cewa an yanke tikitin dawowar, ya kuma sake dubawa ana gobe zai bar Damagaram, da kuma lokacin da yake cikin jirgin ruwa, domin wakili yana iya mayar da tikitin da aka biya ya karɓe kuɗin bayan mai shi ya tashi. Idan takarda ta nuna jirgin Air France kai tsaye daga Paris zuwa Yamai, a yi tambaya sosai, tunda kamfanin ya dakatar da zuwa Nijar tun watan Agusta na 2023, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi a Janairun 2024. Kada a tura kuɗi zuwa lambar wayar mutum ɗaya. A biya a ofishin da ake iya komawa gobe, a karɓi rasiɗi mai hatimi da sunan kamfani.

Waɗanda suka riga suka ba shi kuɗi kuma ba su tafi ba tukuna, su duba tikitinsu yau. Waɗanda abin ya riga ya shafa su tattara rasiɗin aika kuɗi, da saƙonnin murya, da takardun da ya ba su, su kai ƙara komisariya ko wajen jandarmomi, kuma zai fi ƙarfi idan suka je tare.