Hutun iyali a Zanzibar: abin da na gani a wani babban otal na Nungwi

Idan kuna shirin kai iyali Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya, kafin ku tsaya kallon hoton ɗaki ko ƙirga taurarin otal, ku fara tambaya a wane gefen tsibirin yake. A gaɓar gabas, wato su Paje da Jambiani da Kiwengwa, teku yakan janye sau biyu cikin kwana guda, ya yi nisa ƙwarai, sai mutum ya taka mai tsawo cikin tsakuwa da ciyawar ruwa kafin ruwa ya kai masa gwiwa. A ƙarshen arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta kai haka ba, kusan kowane lokaci ana iya shiga. Duk wanda ya tafi da yaran da ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin ya san ba zai iya ce musu su jira sai la'asar ba. Shi ya sa muka zaɓi Nungwi, kuma zaɓin ya yi mana daidai.

Mun tafi ni da maigida da yaranmu uku da Hajiya, mahaifiyarsa, a dogon hutun makaranta na watan Agusta. Ba zan faɗi sunan otal ɗin ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma manyan otal-otal na wannan gaɓar kusan tsarinsu ɗaya ne.

Shirin tafiyar ya fi tafiyar wahala. 'Yan Najeriya na cikin waɗanda Tanzaniya ba ta buga wa biza a filin jirgi. Sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Kada ku biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ana kuma duba katin allurar shawara, sannan tun watan Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 kan babban mutum, ko da kuna da wata daga gida. Mun tashi daga Kano, muka sauya jirgi a Adis Ababa, muka sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Daga nan zuwa Nungwi kamar awa ɗaya da rabi ce a mota. Agogonsu na gaban namu da awa biyu.

Ɗakunan sun burge ni. Mun karɓi biyu masu ƙofa a tsakani, Hajiya da 'yan matan a ɗaya, mu da auta a ɗaya. Rufin na ganyen kwakwa ne, mai tsayi, gadon kuma irin nasu na katako mai sassaƙa, da gidan sauro fari da ake naɗewa da rana. Duk magariba wata ma'aikaciya takan shigo ta sauke shi, ta fesa maganin sauro, ta canza tawul. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta taɓa tsayawa ba, soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku, banɗakin ma akwai tiyon tsarki, duk da haka Hajiya ba ta rabu da butarta ba. Da muka nemi darduma aka kawo mana har uku ba tare da wata tambaya ba, yaron da ya kawo ya nuna mana alƙibla. A can arewa ake fuskanta, domin Makka kusan saitin tsibirin take ta sama. Hajiya ta daɗe tana duban bangon, ta ce, "Yaro, ka tabbata? Mu fa gabas muka sani." Sai da maigida ya nuna mata taswira a waya hankalinta ya kwanta.

Ƙorafina na farko a kan ɗakin ne kuma. Tun kafin mu taso na rubuta musu cewa muna tare da dattijuwa mai ciwon gwiwa, a ba mu ƙasa. Muka iso aka kai mu bene, can ƙarshen lambu, nesa da wurin cin abinci. Daren farko da ƙyar Hajiya ta hau. Washegari manaja ya ba da haƙuri aka sauya mana, amma wurin da ake biyan irin wannan kuɗi bai kamata sai baƙo ya maimaita magana ba. Intanet ma a wurin karɓar baƙi kawai take da ƙarfi, a ɗaki sai a hankali.

Shi kuwa tekun, ban san yadda zan kwatanta shi ba tare da an ce na ƙara gishiri ba. Rairayin fari ne fat, laushinsa kamar garin alkama, ruwan kuma shuɗi mai haske, kana tsaye ya kai maka ƙirji kana ganin yatsun ƙafarka. Auta, ɗan shekara biyar, ya ƙi yarda ya taka ranar farko. Yana riƙe da bakin hijabina, igiyar ruwa na zuwa yana ja da baya, tana komawa yana bin ta. Kafin mu bar wurin sai da roƙo ake fito da shi. Hajiya ba ta shiga ba, amma kullum bayan sallar asuba takan sa a kai mata kujera bakin ruwa, ta zauna da carbinta tana kallon masunta na dawowa.

Wannan lokacin na asuba shi ne namu. Gaskiya ce da ya kamata a faɗa wa duk iyalin Musulmi: yawancin baƙin otal ɗin Turawa ne, kuma daga hantsi zuwa yamma bakin ruwa da wurin iyo cike suke da mutane cikin shigar da ba mu saba gani ba. Ba wanda ya yi mana kallon banza, ni da babbar 'yata mun shiga ruwa da rigar iyo mai rufe jiki duka ba wanda ya ce uffan. Amma mun fi sakewa tun daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara, lokacin da wurin yake kusan fayau, sai kuma dab da magariba. Tsakar rana yara suna sashen da aka ware musu, inda wasu 'yan mata biyu masu haƙuri suke koya musu saƙa ganyen kwakwa da zane da wasanni. Wannan sashen ya cancanci yabo. Abin da bai yi min ba shi ne mai kula da masu iyo ba kullum yake kan kujerarsa ba, don haka idona bai taɓa barin yaran ba. Ku saya musu takalman roba na shiga ruwa, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙalewa a jikin duwatsu. Ku shafa musu man kariya daga rana kuma. Baƙar fata ma tana ƙonewa, kafaɗun ta tsakiyar sai da suka saɓule.

Abinci a jere ake ajiye shi safe da rana da dare, kowa ya ɗebi son ransa. Ranar farko na nemi ganin shugaban masu girki na tambaye shi batun yanka. Ya yi min sallama, ya zaga da ni teburin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna min kusurwar da suke ajiye naman alade da safe, da kaskonta da cokulanta daban, ya kuma nuna min kayan zaƙi biyu da aka sa wa giya. Yawancin ma'aikatan Musulmi ne kamar akasarin mutanen tsibirin, kuma sun fahimci damuwata tun kafin in gama bayani. Daga nan na ci abinci hankali kwance. Shinkafarsu ta pilau mai kanumfari da kirfa ta yi daɗi, haka biryani, haka kifin da ake gasawa a gabanka, wanda da safen nan aka kamo shi. Akwai wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke kira pweza, suna dafa ta da madarar kwakwa. Maigida ya so ta, ni na ɗanɗana na bar masa. Mangwaro da abarba da gwanda da kankana ba sa yankewa. Sai dai girkin ba yaji, an yi shi ne don bakin Turawa, robar yajin ƙuli da na taho da ita ta yi mana rana sosai. Da Hajiya ta fara kewar tuwo, wani mai hidima ya lura ba ta cin kirki, ya tambaye ni, "Mama ba ta jin daɗi ne?" Daren nan aka kawo mata ugali, tuwon masararsu, da miyar ganye da kifi. Ta cinye tas ta yi ta sa masa albarka.

Babban abin da ya tsaya min a rai shi ne tsarin biyan kuɗin. Mun ɗauki wanda ake biya gaba ɗaya, kwana da ci da sha, a ɗaura maka abin hannu na roba. To kaso mai tsoka na wannan kuɗin na giya ne, mu kuwa ruwan kwakwa da lemo da shayi kawai muke sha. Na tambaya ko akwai ragi ga waɗanda ba sa sha, aka ce babu. A tsibirin da kusan kowa Musulmi ne, kuma iyalai daga ƙasashen Larabawa da Afirka suna ta ƙaruwa, ina ganin wannan rashin tunani ne. Ga kuma kiɗan mashaya da kan kai tsakar dare a wasu ranaku, har ɗakin da aka sauya mana ana jiyo shi. Firjin ɗaki dai da muka ce a kwashe kwalaben ciki, nan take aka kwashe.

Wanda ya je Nungwi ya ƙare hutunsa a cikin katangar otal ya yi asara. Tafiyar 'yan mintuna ce a bakin ruwa zuwa inda masassaƙa ke ƙera jiragen katako irin na da, masu tafiya da iska. Mun tsaya kan wani dattijo yana fafe katako da gizago, wani saurayi kusa da shi yana huda rami da abin huji na hannu da ake juyawa da igiya, ba injin, ba takardar zane, ido ne kawai da gwaninta. Ɗana ya tsuguna yana tsintar ɓawon katako, dattijon ya miƙa masa wani guntu mai santsi. Gaba kaɗan akwai tafkin Mnarani inda ake kula da kunkurun teku da suka faɗa ragar masunta, yara suka ba su ciyawar ruwa da hannunsu. Ranar Juma'a maigida ya bi direbanmu masallacin gari. Ya dawo yana ba da labarin liman ya bayyana Bisimilla a Fatiha, domin mafi yawansu mazhabar Shafi'i suke bi. A cikin garin ne kuma za ka ga bambancin: bayan katangar da ake ban ruwan furanni safe da yamma, mata ne ke layi da jarkoki. Wannan ya sa muka riƙa sayen tsaraba da 'ya'yan itace a hannun mutanen gari. Masu talla a bakin ruwa suna da naci, har da samarin ƙabilar Masai cikin jajayen mayafansu, amma idan ka ce a'a cikin mutunci suna wucewa.

Mun yi yini guda a Stone Town, tsohon birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne ƙanana da manyan ƙofofin katako masu ƙusoshin tagulla, da kasuwar Darajani mai cunkoso. Mun shiga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da aka gina cocin Angilika a kai, muka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda babba ba ya iya miƙewa tsaye sosai. Babbar 'yata ba ta ce komai ba sai da muka koma mota, sannan ta fara jero tambayoyi. Da yamma muka ci tsire da ruwan rake a lambun Forodhani. A hanya mun biya wata gonar kayan ƙamshi, kuma nan ne Hajiya ta fi jin daɗi a duk tafiyar. Shekara da shekaru tana jefa kanumfari a kunu da zoɓo, ba ta taɓa sanin toho ne na furen wata doguwar bishiya ba. Mai gonar ya tsinko mata ɗanye, ja-ja, ta murza ta shinshina, ta juyo ta ce min, "'Yar nan, zo ki ga ikon Allah." Ya kankaro mata ɓawon kirfa, ya nuna mata masoro yana hawa jikin wata bishiya. Ba ta bar wurin ba sai da jakarta ta cika.

Irin waɗannan fita, farashin otal ya ninka na waje. Ta mota mun shirya da direban gari, ba mu ga matsala ba. Ta jirgin ruwa kuwa ta otal muka bi duk da tsadarta, saboda su ne suke da rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yara, kuma a kan wannan ba na neman sauƙi.

Ranar tafiya takardar kuɗi ta zo da abubuwan da ba sa cikin "an biya komai": harajin gwamnati na kowane dare a kan kowane mutum, wankin kaya mai tsadar gaske, da tausar da aka yi wa Hajiya a gwiwa. Da dala ake lissafi, don haka ku ware wani abu a gefe. Agusta lokacin rani ne a can, da iska mai daɗi, amma kuma lokacin tsada ne. Daga Maris zuwa Mayu farashi na sauka saboda ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ba zan kai yara a lokacin ba. Ga iyali irin namu, shawarata ku nemi tsarin kwana da karin kumallo da abincin dare kawai, ku ci na rana a gari, sannan ku sa a rubuto muku a saƙo cewa ɗakunanku na ƙasa ne, masu ƙofa a tsakani, nesa da mashaya, kafin ku tura ko sisi.