Tarihin Kano: a Gidan Makama ko a Jikin Bango?

Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, na riƙe da kayan asali: tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, sulke, hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903. Sai dai sai mutum ya yi niyya ya je, kuma yaranmu da yawa ba su taɓa leƙawa ba.

Zanen bango kuwa shi ke tarar mutane a hanya. A zana Dutsen Dala, marinar Ƙofar Mata da mahayan Hawan Daushe a katangar makaranta; mai adaidaita sahu zai gani, yaro ya tambayi babansa wane ne Barbushe, jagoran mutanen Dala na zamanin dā. Illarsa rana da ƙurar hunturu su koɗar da fenti, ga 'yan siyasa masu liƙa fastocinsu a kai. Ni na fi son bangon, muddin za a riƙa sabunta shi.