Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: gwaji da economic da economical

Na gwada ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 wanda ya fito a 2020, da kalmomi biyu da ke yawan rikita ɗalibai da ma'aikatan ofis, wato economic da economical, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa ta biyun doguwar siga ce kawai ta ta farkon.

Ƙamus ɗin ya raba gardama yadda ya kamata. Economic ta shafi tattalin arzikin ƙasa ko na al'umma, kamar manufofin gwamnati a kan kasuwanci da haraji, alhali economical tana nufin abin da ba ya cin kuɗi, mai ko lokaci fiye da kima. Saboda haka babur ɗin da ba ya shan fetur sosai economical ne, amma hauhawar farashin kaya matsala ce da ake kira economic. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan akwatin bayani da ya jera kalmomin biyu wuri guda tare da misalai, ta yadda mai karatu ba zai yi ta juya shafuka ba.

A. S. Hornby ne ya fara tsara wannan ƙamus, wanda ya fito a 1948, kuma har yanzu bayaninsa yana da sauƙi. Sai dai rubutun ƙanana ne ƙwarai, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai so malami a kusa, tunda duk fassarar da Turanci aka yi ta.