Shagon lefe a Birnin Kebbi inda ake auna gidanku kafin a auna yadi

Akwai wani shago a Birnin Kebbi, ba nisa da babbar kasuwa, wanda ba a sayar da komai a cikinsa sai kayan lefe. Ba zan kama sunansa ba, don wasu abubuwan da zan faɗa ba za su yi wa mai shi daɗi ba, kuma ba talla aka ba ni ba. Mai shagon wata Hajiya ce da ta manyanta. Aikinta ki kawo kuɗi da bayanin amarya, ita kuma ta cika akwatuna: atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma da jakunkuna, kayan shafa, har da ƙananan kayan da ba a ɗagawa a gaban maza. Lefen ƙanena ne ya kai ni, da yake ni ce babbar mace a ɗakinmu, dangi suka ɗora mini.

Shagon ba abin kallo ba ne. Ɗaki biyu ne, da kafet da ya sha jiki da fanka mai ƙara. Masu arha su ne a ido, jere har rufi. Masu tsada suna ɗakin ciki a cikin leda, kuma ba kowa ake cewa ya shiga ba.

Kafin ta taɓa ko turmi ɗaya, Hajiya sai ta zaunar da ke, ta sa a kawo ruwa, ta fara tambaya da harshenta na mutanen nan. "Malama, ɗiyar wa ta? Wace shiyya gidansu yake? Shi angon mi yaka yi? Su wa za su zo ganin kaya?" Nawa kika zo da shi, wannan ita ce tambayar ƙarshe, kuma kamar ba ta dame ta ba. Da farko na ɗauka gulma ce irin ta kasuwa. Da hira ta yi nisa sai na gane cewa wannan tambayar ita ce ainihin hajar da take sayarwa. Atamfa ko'ina akwai. Abin da ba ko'ina ba shi ne wanda zai gaya miki daidai inda gidan amarya ya tsaya da inda naku ya tsaya, don kada ku kai abin da za a raina, kada kuma ku kai abin da zai sa a ce kun zo nuna arziki.

Na gaya mata ƙanena ma'aikacin lafiya ne a gwamnatin jiha. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da na ƙara da cewa yana noman shinkafar rani a fadama, sai ta gyara zama ta ce, "To, yanzu kika yi magana. Buhu nawa yaka ɗauka?"

A wajenta albashi ya daina nuna matsayin kowa, kuma ban ga laifinta ba. Gwamnatin Kebbi ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 75,000 a 2024, sama da 70,000 na tarayya, amma turmi ɗaya na atamfa Super ta gaske ya haura wannan kuɗin. Ma'aikaci mai babban mataki zai shigo da shadda ta sha guga da hula mai tsada, ya yi ta juya kaya, ƙarshe ya nemi a raba masa biya wata-wata. Wani kuma zai shigo ƙafa duk ƙura, mai fataucin albasa daga Aliero ko mai kai shanshera kamfanonin casar shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi, ya tura kuɗin akwati shida a tsaye. Hajiya ta ce tun da Buhari ya zo garin nan a 2015 ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa na Babban Banki, ta daina kallon takalmin mutum. "Da can ina dubin ƙafa. Yanzu ina tambayar wane wata kuɗinshi ka shigowa." Mai albashi ƙarshen wata, manomi da kaka ko bayan girbin rani, ɗan kasuwa kullum amma ba ya son fitar da jari. Da wannan take sanin wa za ta ba bashi, da ranar da za ta aika karɓa.

Sai dai kuɗi kaso ɗaya ne cikin ma'auninta. Na biyu asali. Gidan sarauta ne, na malamai, na fatake, ko na masu sana'ar gado? Kowanne da abin da matansa ke dubawa idan an buɗe akwati. Ta ce matan gidan sarauta, na nan masarautar Gwandu ko na Argungu, ba su cika ƙirga turmi ba, hannu suke kaiwa bakin zane, su shafa, su mayar ba tare da sun ce komai ba, kuma shirun nan shi ne hukuncin. Gidan da kuɗi ya shigo kwanan nan su ƙirge suke yi da ƙarfi, wata na ɗagawa wata na faɗin lamba, wata na ɗauka a waya. Gidan 'yan boko idonsu na kan jaka da takalmi da turare. Gidan malamai kuwa, ki yawaita hijabai da abaya da mayafai masu kauri, ki rage leshi mai huda-huda, in ba haka ba duk tsadarsa za a ce ba ku san gidan da kuka zo ba.

Na uku unguwa da abokan zama. Wanda ke Shiyar Fada da wanda ke Gesse da wanda ke Badariya ba mutane iri ɗaya ne za su cika masa tsakar gida ranar ganin lefe ba, ko da samunsu ɗaya. Tana tambayar makarantar da amarya ta yi, da gidajen da yayyenta mata suka yi aure, don da lefen yayye za a gwada naku, ba da na kowa ba. Wannan ni kaina ban taɓa tunaninsa ba.

Amaryarmu 'yar wani tsohon shugaban makarantar firamare ce a Jega, gidan karatu, rufin asiri ba tarin dukiya ba. Dangi sun so akwati shida, don abin da wani ɗan uwa ya kai ke nan bara. Hajiya ta ce huɗu da kit. "Kun kai shidda, kun ɗora ma tsohon nan nauyi. Shi ma sai ya ci bashi ya yi gara da kayan ɗaki da za su tsaya ma kayanku. Ƙwarya ta bi ƙwarya." Mai sayar da kaya ta ce ki rage saye, wannan kaɗai ya sa na yarda da ita a sauran abubuwa.

Akwai wurin da muka saɓa. Ina zaune aka zo haɗa lefen 'yar wani mahauci, mutumin da kowa ya san yana yanka shanu kullum, yana da gidaje, ya je Makka ba sau ɗaya ba. Bayan masu sayen sun fita sai na ji tana ce wa yarinyar shagon ba sai an sa Super da yawa ba, "ai ba su saba ba." Raina ya ɓaci. Tsohon lissafin nan ne da ke ajiye mahauta da wanzamai da maroƙa a ƙasa komai abin hannunsu, wai sana'ar gado ce. A fikihun Malikiyya da muke bi, dacewar ma'aurata ta addini ce da kuɓuta daga aibu, ba a sa sana'a a ciki ba, lefen ma gaba ɗaya al'ada ce, abin da aka wajabta sadaki ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Na faɗa mata haka. Ta yi dariya ta ce, "Malama, ni ba ni na aza ba, iske shi na yi." Gaskiya ne, amma ita ke ƙara masa gishiri kullum da abin da take zubawa a akwatin mutane.

Ta fuskar ingancin kaya ba ni da ƙorafi. Ta ɗauko turmi biyu masu zane iri ɗaya sak, shuɗi da ruwan ƙwai, ta shimfiɗa mini a cinya ta ce in zaɓi na gaske. Na kasa. Sai ta juya bayansu. Ɗaya launinsa ya ratsa, ciki da waje kusan ɗaya, ɗayan kuwa bayansa ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka. Ta nuna mini bakin zanen inda aka buga sunan Vlisco da lambar zanen, kamfanin da ke garin Helmond na ƙasar Holan tun 1846. Ta ware mini 'yar Kodebuwa ta kamfanin Uniwax na Abijan, ta ware Hitarget da Chiganvy ta ce waɗannan na masu matsakaicin ƙarfi ne, suna da kyau, suna jure wanki, amma kada a kira su da sunan da ba nasu ba. Shaddarta Getzner ta Ostiriya ita ma haka, ta sa na ji nauyinta da ƙamshinta kusa da wata mai kama da ita. Na san shagunan da ke manna takardar Super a jikin kwafi don a burge masu kallo. Ita ba ta yi, ta ce tsofaffin da ke zama bakin akwati sun fi ta sanin zane, kuma kunyar a kan dangin ango take sauka.

Yadda take jera kayan ma sana'a ce. Super biyu da Holan uku da muka iya saye ba ta tara su a akwati ɗaya ba, ta raba su, kowane akwati aka buɗe da mai kyau ake fara cin karo, na tsakiya su biyo baya, kowace atamfa da mayafin da ya dace da ita a naɗe a ciki.

Farashi kuwa, nan ne matsalar. Wani ɓangaren ba laifinta ba ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, ga rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 wanda ya tsayar da harkar Kamba, garin da ke bakin iyakar, wata da watanni. Kayanta daga Kantin Kwari na Kano da Kwatano suke zuwa, don haka kuɗin da ta faɗa miki yau na yau ne kawai. Wanda yake laifinta shi ne babu farashi a rubuce a jikin komai. Tambayoyin nan da take auna gidanku da su, da su take yanka miki kuɗi. Wata abokiyar aikina da mijinta ke da babban muƙami ta sayi irin 'yar Kodebuwar da na saya, mako ɗaya, aka ɗora mata dubbai a kai. Ni na ci riba don an ɗauke ni malamar makaranta, amma ba daɗi ki san da fuskarki ake ciniki. Duk mai zuwa, ta fara tambayar kuɗin turmi biyar ko shida tana tsaye, ta rubuta, sannan ta zauna ta sha ruwan ta amsa tambayoyi.

Rasit ma babu, sai jerin kaya a takardar littafin makaranta da aka yage. Ranar da ta sa mana mu zo ɗauka ba a gama ba, sai da muka ɗaga tafiya Jega. Abin da ya fi ba ni haushi, 'yan matan shagon sun ɗauki hoton kayanmu sun sa a WhatsApp tun kafin su isa gidan amarya, wata ƙawar amaryar ta gani ta kai labari. Ki ja musu kunne tun ranar farko, a gaban Hajiya.

A Jega an karɓi kaya da mutunci. Wata gwaggon amarya ta juya bakin Super ɗin ta duba, ta kalli ta kusa da ita ta ce ma sha Allah, aka ba da tukwici daidai ƙarfi, ba wanda ya takura.

Zan sake zuwa idan lefen autanmu ya taso, amma ba gab da azumi ba, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa Hajiya ba ta da sukunin zama da kowa. Akwatunan kuma a kasuwa zan saya in kai mata. Nata kyan gani ne kawai, zif ɗin babban ya ɓalle tun a mota kafin mu wuce Kalgo, da ɗankwali muka ɗaure shi.