Gen 6 da Next Gen: wacce ta fi dacewa da tseren NASCAR?

Motar Gen 6, wadda aka yi tseren NASCAR (wata gasar tseren motoci) da ita a Amurka daga 2013 zuwa 2021, giya huɗu gare ta, da wilin ƙarfe mai inci 15 da noti biyar. Tayoyin bayanta kuwa a haɗe suke da sanda guda, irin na tsohuwar a-kori-kura. Motar Next Gen da ta maye gurbinta a 2022 ta zo da giya biyar, wilin alminiyam mai inci 18 da noti ɗaya tak, kowace tayar baya na motsi da kanta kamar yawancin motocin zamani.

Ni dai sabuwar nake so. Amma bayanta ya yi tauri: direban tsere Kurt Busch ya yi hatsari da ita, ya bugu a ka a filin tseren Pocono a 2022, sai aka sassauta ƙirar bayan a 2023.